Gocewa Ba Ta Sallama

Sau biyar a yini, kafin ya ta da kabbara, liman kan waiwayo ya ce a daidaita sahu. Waɗanda yake faɗa wa ba baƙi ba ne. Su ne dai suka tsaya a wurin da azahar, a kan shimfiɗar nan, kowa kusa da maƙwabcinsa, amma da la'asar ta yi sai an sake: wannan ya matso gaba, wancan ya ɗan ja baya, a haɗa kafaɗa, a toshe kafa. Ba a taɓa jin mamu ya yi ƙorafi wai ai ɗazu aka daidaita ba.

A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, Kano ta ari wannan kalma ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya, daga nan sunan ya koma kan babur mai ƙafa uku, ya kuma zauna masa har yau. Dubban matasa ke cin abinci da shi. Sai dai da yawansu, da 'yan'uwansu teloli da masu awo a kasuwa da masu haɗa sola, hali biyu kawai suka sani ga kayan aiki: ko yana yi, ko ya mutu. In yana yi a ci gaba da gashi, in ya mutu a kai wa mai gyara. Alhali akwai hali na uku a tsakani, kuma shi ya fi cin dukiya, wato kaya yana aiki amma saitinsa ya goce. Inji yana tashi, sikeli yana nuna lamba, agogo yana tafiya, sai dai abin da suke bayarwa ya ɗan kauce daga gaskiya, gobe kuma ya ƙara kaucewa. Mutuwar kaya da ƙara da hayaƙi take zuwa. Gocewa kuwa ba ta sallama, sai dai mutum ya tarar da ita ta daɗe da zama a ɗaki.

Taya ce ta fi saurin koyar da wannan. Ko ƙusa ba ta taɓa ta ba, iska na sulalewa ta jikin robar kanta, wajen lamba ɗaya a wata a gejin mai faci. Zafi da sanyi ma suna juya ta: duk sauyin digiri 5 zuwa 6 yana ɗaga iskar ko ya sauke ta da kusan lamba ɗaya. A Kano asubahin Janairu kan sauko ƙasa da digiri 15, azahar ɗin Afrilu kuma ta haura 40, tazarar da ita kaɗai ta kai lamba huɗu ko biyar. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwasa gefenta a kowane juyi, ta ɗau zafi, ta sa inji shan mai, ta cinye ta gefuna biyu, kuma a doguwar hanya irin ta Kano zuwa Maiduguri wannan zafin ne ke kai ta ga fashewa. Wadda aka ɗura wa iska fiye da ƙima tsakiyarta ke cinyewa, kamun ƙasarta ya ragu, birki ya daina kamawa a inda aka saba. Lambar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba ko a littafin abin hawa. Wadda ke rubuce a gefen taya iyakar abin da za ta iya jurewa ce, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Da safe ake auna taya, kafin ta yi tafiya. Direban da ya tsaya a tsakiyar hanya ya ga lamba ta hau ya sassauta iska, kansa ya cuta, domin da ta huce za ta koma ƙasa da inda ya kamata.

Rami ɗaya mai kyau ya isa ya karkatar da ƙafafun mota, sitiyari ya fara ja gefe, taya ta riƙa cin ɓangare guda. Sarƙar babur ita ma miƙewa take yi da aiki. Wasan da ake bar mata bai wuce faɗin yatsu biyu ba. In ta yi sako-sako ta riƙa dukan murfi har ta zame, in aka ɗaure ta tamau ta cinye haƙoran da take hawa. Yaron da ke kai balas kowace yamma, kuɗin taya da sarƙa daga aljihunsa suke fita ko ya sani ko bai sani ba.

Makaɗa sun riga kanikawa gane cewa yanayi yana kwance saiti. Fatar ganga kan saki da damina, muryarta ta dushe, sai an shanya ta ko an kanga ta ga wuta, da hunturu kuma ta ɗaure har a ji tsoron kada ta tsage. Kafintan kirki ba ya gaggawar fere ƙofar da ta kumbura a watan Agusta, don ya san a Disamba za ta motse ta bar kafar da ƙura za ta bi. Guguwar farkon damina takan ɗan juya farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, hoto ya fara yankewa, maigida ya zargi akwatin ya sayi sabo, alhali tauraron yana can nisan kilomita kusan 36,000, kaucewar digiri biyu ko uku ta isa faranti ya rasa shi. Farantin sola kuwa ƙurar hunturu ke rufe masa fuska, batir ya daina cika, a ɗora laifin a kan batir.

Sai kuma cinyewa. Iyaye mata da suka yi zamani da dutsen niƙa sun san ba ya fashewa, sulɓi yake yi, hatsi ya riƙa zamewa ana ta wahala gari ba ya fita, sai an ɗauko makoɗi an koɗa shi. Jikan wannan dutse a gonar yau shi ne bakin injin feshi. Ƙaramin ramin da magani ke fita yana faɗaɗa da aiki, ya fi saurin faɗaɗa in ana tsokale shi da allura ko waya duk lokacin da ya toshe. Manomi yana nan da tafiyarsa ta kullum da ma'auninsa na kullum, amma ruwan da ke sauka a ƙasa ya ƙaru. Maganin da aka saya don gona duka ya ƙare a kashi biyu bisa uku, wani wuri shuka ta ƙone, wani wuri ciyawa ta tsira. Gwajin ba ya cin ko sisi. A auna fili mita 10 tsawo mita 10 faɗi, a zuba ruwa zalla a tanki, a fesa da irin takun da aka saba, a duba lita nawa suka tafi, a ninka sau 100, an sami abin da hekta ɗaya za ta sha. In lita 2 ce ta tafi, hekta za ta ci lita 200, tanki goma ke nan na mai lita 20, kuma a kan goman nan za a raba maganin da aka rubuta wa hekta. Rabin sa'a ne a farkon damina, amma matasan da ke ɗaukar kwangilar feshi kaɗan ne ke yi.

Gocewar da ta fi haɗari ita ce mai taruwa a ƙidayar lokaci, domin ido ba ya ganinta ko kaɗan. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 sojojin Amurka sun girke makamin kakkaɓo rokoki mai suna Patriot a Dahran, gabashin Saudiyya. Kwamfutar makamin tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na sakan, amma gurbin da take ajiye lambar bai isa ya ɗauke ta cif ba, sai ta riƙa zubar da ɗan ɓurɓushi a kowane ƙirge. Ɓurɓushin bai kai a ambata ba in na'urar ta yi 'yan sa'o'i aka kashe ta, kuma da ma don haka aka ƙera ta, a riƙa ƙaura da ita daga wuri zuwa wuri. A Dahran an bar ta a kunne kimanin sa'o'i 100, kuskuren ya taru ya kai sulusin sakan. Rokar Scud tana cin fiye da rabin kilomita a wannan ɗan taƙin. A daren 25 ga Fabrairu, da rokar Iraƙi ta taho, na'urar ta hango ta, ta sake dubawa a inda lissafinta ya ce za a same ta, ba ta ga komai ba, ta ƙyale. Rokar ta faɗa kan masaukin sojoji, mutum 28 suka mutu. Makonni biyu kafin nan sojojin Isra'ila sun riga sun ba da labarin cewa saitin yana kaucewa bayan sa'o'i takwas a kunne, kuma kashewa da kunnawa na minti ɗaya ko biyu ya isa ya mai da ƙirgen farko. Gyararriyar manhajar ta iso Dahran washegarin harin.

Irin wannan ƙirge yana rataye a bangon gidaje da yawa a Najeriya. Lambobi 20 ɗin da ake saya a loda wa mitar wuta suna ɗauke da mintin da aka fitar da su a ɓoye, don kada a loda kati ɗaya sau biyu. Daga 1 ga Janairun 1993 aka fara ƙirga mintocin, gurbin kuma minti 16,777,216 yake ɗauka, waɗanda suka cika a 24 ga Nuwamban 2024. Shi ya sa kamfanonin rarraba wuta suka yi ta shela a shigar da wasu lambobi na musamman guda biyu, waɗanda ke mai da mafarin ƙirgen zuwa 2014. Mitar lafiyarta ƙalau, ba abin da ya ƙone, kwanakinta ne kawai suka ƙare. Wanda ya saurari shelar minti biyar ya kashe. Wanda ya ce ai tana aiki, shi ne ya tsaya da sabon kati a hannu mita tana ƙin karɓa.

A kasuwa maganar ta wuce ta asara, ta zama ta haƙƙi. Alƙur'ani yana da sura guda da aka sa wa sunan masu tauye awo, kuma kowane ɗalibin islamiyya ya san abin da ya faru da mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu ya yi wa gargaɗi a kan mudu da sikeli. Yawancin wa'azin da ake yi a kan wannan yana fuskantar mai ha'inci ne, wanda ya bubbuge gindin kwanon awo ya tura shi ciki. Amma akwai mutumin kirki da ke tauye awo bai sani ba. Sikelin da ke aiki da ƙarfe mai lanƙwasa yana gajiya, allurarsa ta daina komawa kan sifili. Na lantarki yana ruɗewa in batir ya yi sanyi, ko teburin ya karkata, ko ya taɓa faɗuwa. Mai nama ko mai kifi da sikelinsa ya kauce da giram 50 a kowane kilo, in yana sayar da kilo 40 a yini, kilo 2 ke nan kullum, kilo 60 a wata. In kaucewar ta faɗa kan mai saye, haƙƙin mutane ne ya taru a wuyansa. In ta faɗa kansa, jarinsa ne ke tsiyaya yana neman ɓarawo a cikin yaransa. Gwamnatin tarayya tana da sashen kula da ma'aunai a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, hukumar kula da harkar mai kuma takan rufe gidan man da famfonsa ke rage lita, amma ba jami'in da zai zagaya kowace rumfa kowace safiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗan kasuwar da ya ajiye dutsen awo na gaskiya a ƙarƙashin teburinsa, yana ɗora shi kafin ya buɗe ciniki, ya fi kwanciyar rai.

To da me za a gwada dutsen awon? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masu hankali. A gidajen tarihi na Maroko akwai mudu na tagulla tun zamanin sarakunan Banu Marin, a ƙarni na 14, waɗanda ake awon zakkar fidda kai da su. A jikinsu an zana cewa an gwada wannan da mudun wane, shi kuma an gwada shi da na wane, haka har a kai ga mudun sahabi Zaidu ɗan Sabit. Sun yi wa kwanon awo isnadi kamar yadda ake yi wa hadisi. Masana awo na zamani wannan hanya suke bi: sikelin kanti a gwada shi da na hukuma, na hukuma da na ƙasa, na ƙasa da na duniya. Daga 1889 zuwa 2019 na duniyar wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai tsada, tsawonsa milimita 39, faɗinsa ma haka, a kulle cikin kwalabe uku a wani ɗaki a Sebar, kusa da birnin Faris. A lokacin shi ne kilo, sauran duk kwafinsa ne. Da aka riƙa fito da shi bayan shekaru masu yawa ana gwada shi da kwafinsa, sai aka ga sun rarrabu da kimanin kashi 50 cikin miliyan na giram a cikin ƙarni guda. Ƙarfen da ba ya tsatsa, ba hannun da ke taɓa shi, ba rana ba ƙura, shi ma bai zauna daidai da 'yan'uwansa ba. A Nuwamban 2018 wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Faransa, daga 20 ga Mayun 2019 aka ɗora ma'anar kilo a kan wata tabbatacciyar lamba ta kimiyyar fiziya. In wannan dunƙule ya buƙaci a binciki gaskiyarsa, ina ga gejin mai faci da ke faɗuwa a ƙasa sau goma a yini?

Madubin hangen sararin sama na Hubble shi ne babban misalin abin da ke faruwa in aka amince wa ma'auni ɗaya ido rufe. An harba shi a Afrilun 1990 bayan an kashe fiye da dala biliyan ɗaya, hotunan farko suka dawo dishi-dishi. Madubin, mai faɗin mita 2.4, an goge shi da ƙwarewar da ba a taɓa gani ba, sai dai gefensa ya baje fiye da yadda ake so da kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai. Bincike ya gano cewa na'urar da aka riƙa auna shi da ita lokacin gugar ce aka haɗa ba daidai ba, wani gilashi a cikinta ya kauce da milimita 1.3. Ma'aikata sun bi abin da ta ce sau da ƙafa, suka goge madubin ya dace da kuskurenta cif. Abin da ya fi ciwo shi ne akwai wasu na'urorin gwaji biyu da suka nuna akwai matsala, aka yi watsi da shaidarsu don an ɗauka babbar ta fi su gaskiya. Sai a Disamban 1993 'yan sama jannati bakwai suka tafi suka sanya masa wasu ƙananan madubai, tamkar tabarau, sannan ya fara gani tar.

Darasin Hubble na shagon kowa ne. In abokin ciniki ya ce ya sake auna kayan a wani wuri bai cika ba, yawancin matasa zuciya suke yi, su ɗauka an kira su ɓarayi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shaida biyu da suka saɓa alama ce cewa ɗaya ya goce, kuma ba a san wanne ba sai an nemo na uku.

A gidajen da ke da tsoho mai hawan jini, yaran gida ne yanzu ke riƙe da na'urar awo, kuma a kan lambarta ake yanke shawarar zuwa asibiti ko zama. Ya kamata a riƙa tafiya da ita asibiti aƙalla sau ɗaya a shekara, a auna da ita a auna da tasu a zama ɗaya, a ga tazarar. Sau da yawa ma na'urar lafiya take, ɗamarar hannun ce ba ta dace ba. Wani bincike da aka yi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aka buga a 2023, ya nuna cewa in aka ɗaura matsakaiciyar ɗamara a damtse mai kauri sosai, lambar sama kan hau da kusan 20 a banza. Mutum ya zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Tsinken gwajin sukari kuma yana da ranar ƙarewa, zafi yana ɓata shi, bai kamata ya yini a cikin mota ko a bakin taga ba.

Duk da haka, akwai ɓarnar da ta kusa kai ta sakaci, ita ce ta hannun da ba ya iya zama. Yaron tela ya ga zare yana cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, nan take ya ɗauko sukundireba ya nufi ɗan notin gidan kwarkwaro, tunda a ƙasa matsalar ta bayyana. Tsohon tela in yana kusa cewa zai yi, kai yaro, ajiye wannan, zare zaren ka sake sa shi tukuna. Yana da gaskiya, domin cukurkuɗewar ƙasa yawanci daga zaren sama take: ko bai shiga matsewarsa ba, ko allura ta dakushe, ko ƙurar yadi ta taru. Wanda ya fara da juya noti ya ƙara cuta ta biyu a kan ta farko, gobe in aka sauya daga shadda zuwa leshi ya rasa inda zai koma. Haka mai babur da ke murɗa kafireta alhali matatar iska ce ta toshe da ƙura. Haka mai gyaran janareta da ke ƙara wa inji gudu don ƙwan fitila ya yi haske. Ƙaramin janareta an ƙera shi ya juya sau 3,000 a minti don wutarsa ta dace da kayan gida, abin da ya haura nan firji da talabijin ne za su biya. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Wani masanin ingancin masana'antu ɗan Amurka, Edwards Deming, yakan nuna wa ɗalibansa wannan da mazurari da ɗan dutse. A kafa mazurari a saman wata alama, a riƙa sako dutsen, kowane jifa zai faɗi kusa da alamar, wani dama wani hagu. In aka bar mazurarin a inda yake, warwatsuwar tana da iyaka. In kuwa bayan kowane jifa aka matsar da shi don a rama kuskuren da ya gabata, warwatsuwar sai ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Kowane kayan aiki yana da ɗan wasan da yake yi dama da hagu, wannan ba a binsa. Abin da ake bi shi ne kaucewar da ta nace wa gefe guda, yau da gobe da jibi. Ba kuwa mai iya rarrabe su da ƙwaƙwalwa kawai. Ƙaramin littafi a aljihun keke ko a ƙarƙashin teburin awo, a rubuta rana da lambar da aka gani da abin da aka taɓa, shi ke nuna wa mutum ko jiya ce ta yi dabam ko wata guda ke nan ana gangarawa. Kafin a juya kowane noti a yi masa alama da alli, a ƙirga juyin, a taɓa abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Lokutan da suka fi cancantar dubawa kuwa sanannu ne ga duk mai lura: bayan kaya ya faɗi, bayan an ƙaura da shi, bayan an sauya masa wani sashe, da kuma duk sa'ad da damina ko hunturu ko bazara ta shigo.

Wayar da ke aljihun kowane matashi ma tana da tata gocewar. Manhajar nuna alƙibla da maganaɗisun ƙasa take aiki, shi kuma rodin gini, da lasifika, da ɗan maganaɗisun murfin waya duk suna ruɗa shi, shi ya sa takan nemi a juya ta a iska kamar ana rubuta lamba 8. Arewar maganaɗisu kanta tafiya take yi. Ta baro yankin Kanada ta nufi Saberiya, a wasu shekarun da gudun kilomita 50 ko fiye a shekara, har taswirar da jiragen sama da wayoyi ke dogara da ita, wadda ake sabuntawa duk shekara biyar, sai da aka yi mata gyaran gaggawa a Fabrairun 2019. A Janairun 2011 filin jirgin saman Tamfa a Amurka ya sake fentin lambobin titin saukarsa saboda wannan dalili. Malamai sun yi bayani cewa wanda ke nesa da Makka jiha ake nema gare shi, don haka ba abin tayar da hankali ba ne ga mai salla a ɗakinsa. Amma masu aza harsashin masallaci ya kamata su nemi shaidar da ta fi waya ƙarfi, kuma tana nan kyauta sau biyu a shekara.

A 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 na rana agogon Makka, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. A Najeriya da Nijar ƙarfe 10:18 da 10:27 na safe ke nan. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan minti ya fuskanci Ka'aba. Na Mayu ya fi sauƙin samu, don a Yuli hadari kan rufe sama. A sami fili shimfiɗaɗɗe, a rataya zare da ɗan dutse a ƙarshensa don a tabbata ya miƙe tsaye, a daidaita agogo da na rediyo ko na intanet tun da safe. A Kano inuwar zare mai tsawon mita ɗaya za ta kai wajen santimita 60, ta kwanta ta nufi yamma maso kudu. Da mintin ya cika a ja layi a kan inuwar, a miƙa shi zuwa ɓangaren da rana take. Layin zai nuna gabas maso arewa, kusan digiri 68 daga arewa, kuma a kansa ake ɗora waya a ga ko nawa ta kauce.